Tambaya da Amsa: Folik Asid, B12 da Harufan da Jiki ke Rubutu da Su

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, ko dai folik asid ko B12 ko wani cikin 'yan'uwansu, sai na ga gara in haɗa su wuri ɗaya tunda tushen amsar guda ne. Na ɗan taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da ciki wata huɗu, tun awon farko aka ba ni ƙwayar folik asid ina sha. Toh ƙanwata da ko cikin ma ba ta samu ba tukuna likita ya ce ta fara sha tun yanzu, ni kuma na ce mata wannan ai ɓarnar magani ce kawai. Wa ke da gaskiya tsakanina da likitan? Daga wata mai juna biyu.

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya sauke ki lafiya. Gaskiyar tana wajen likitan ƙanwarki, kuma don Allah yau ɗin nan ki koma ki ce mata ta ci gaba da sha, bari in faɗa miki dalili tun daga tushe.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma kusan kowacce tana ɗauke da DNA, wato dogon rubutun nan da ke cewa ga yadda za a gina mutum ga yadda jikinsa zai yi aiki. Harufa huɗu kacal ake wannan rubutun da su, A da G da C da T, amma jerinsu a cikin ƙwaya ɗaya ya kai kimanin biliyan 6. Kowane harafi shi masana ke kira nukiliyotaid, abu uku ne a manne, ɗan sukari da fosfet da wani zobe mai naitirojin wanda shi ne ke bambanta wannan harafi da wancan. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu dole sai ta kwafe rubutun nan kaf ta ba sabuwar nata, kenan tana buƙatar sababbin harufa biliyoyi a ɗan lokaci, kuma yawancinsu jiki ne ke ƙera su da kansa.

Anan folet ke shigowa, shi ne bitamin B9, folik asid kuma shi ne nau'insa da ake yi a ƙwaya. Ni ɗan dako nake kiransa in ina koyarwa, don aikinsa kenan, ya ɗauki kabon guda ɗaya tak ya kai inda ake gini ya dawo ya ɗauki wani. Zoben A da G kabon biyu yake karɓa daga hannunsa. T kuwa lamarinsa ya fi tsanani, jiki yakan fara haɗa wani harafi ne da ake kira U, sai folet ya kawo kabon ɗaya a liƙa masa sannan ya koma T, toh in babu folet babu T, in babu T kwafin DNA ya tsaya cak ko kuma a yi shi da kurakurai. Shi ya sa wuraren da ƙwayoyi ke rabuwa da sauri su ke fara jin jiki, ɓargon ƙashi da ke fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 duk daƙiƙa, da fatar cikin hanji da ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, sai kuma ɗan tayi wanda shi gaba ɗayansa rabuwa yake ba dare ba rana.

Yanzu ga inda ƙanwarki ta shigo. A makonnin farko abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya a shimfiɗe yake kamar takarda, sai gefe da gefe su naɗo su haɗe su zama bututu, kuma rufewar nan tana kammala ne wajen kwana 28 da shigar ciki. Kwana 28 fa. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar ba, suna dai cewa al'ada ta ɗan yi jinkiri. In bututun bai rufe ta ƙasa ba sai a haifi jariri da buɗaɗɗen baya, wani da ƙullutu mai ruwa a gadon bayansa ƙafafu ba ƙarfi, in ta sama ne bai rufe ba ƙwaƙwalwar ce ba ta ginuwa kuma irin waɗannan ba sa rayuwa. Wadda ta jira sai ta je awo a wata na uku, wannan ƙofar ta riga ta wuce ta, duk da cewa ƙwayar na da sauran amfani wajen jininta da girman jaririn.

Kuma ba zato ake yi ba. A 1991 wani babban gwaji da hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta jagoranta ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar irin wannan jaririn, da aka ba su folik asid tun kafin ciki, maimaituwar matsalar ta ragu da kashi 72 cikin 100. A 1992 wani gwajin a Hungari ya nuna kariyar har ga waɗanda ba su taɓa gamuwa da ita ba, daga 1998 kuma Amurka ta wajabta zuba shi a garin hatsin da ake sarrafawa. Asalin labarin ma daga masu ciki ya faro, a 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills tana aiki a Bombai ta Indiya ta ga mata masu juna biyu na fama da wani ƙarancin jini mai manyan ƙwayoyi, ta gano wani abu a cikin yis yana warkar da su, sai a 1941 aka ciro sinadarin daga ganye aka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye.

Abin da aka saba bayarwa maikirogiram 400 ne kullum, a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki. Wadda ta taɓa haihuwar mai matsalar ana ba ta miligiram 4 ko 5, amma wannan hukuncin likita ne ba na kai ba, don babban awon yana rage ƙarfin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro irin su Fansidar, tunda shi ma maganin hanyar folet ɗin ƙwayar cutar yake tarewa.

Tambaya: Malam mahaifinmu ya haura shekara 70, yana da ciwon suga ya daɗe yana shan metformin. Aka ce jininsa ya yi ƙasa sai muka riƙa sayo masa folik asid da kanmu, jinin ya hau alhamdulillah, amma ƙafafunsa kullum ƙara mutuwa suke, yana cewa kamar a kan auduga yake tafiya, ga mantuwa ta fara. Ko maganin ne bai karɓe shi ba? Daga ɗansa.

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan kulawar da kuke yi. Wannan tambayar ta tsaya min a rai wallahi, kuma kafin komai ga abin yi, ku kai shi a auna masa B12 a cikin satin nan, kar ku ce sai an ga yadda hali ya yi. Ciwon suga shi kansa yana kashe jijiyoyin ƙafa, ba na musun wannan, amma abin da ka zayyana ya yi kama sosai da ƙarancin B12 da folik asid ya lulluɓe.

Ka tuna ɗan dakon nan. Akwai wani irin kaya da in folet ya ɗora shi a ka ba ya iya sauke shi da kansa, kabon ne a siffar da ake kira metil, kuma a duk jiki enzayim guda ɗaya ne, wato furotin mai gudanar da wani aiki a jiki, ke sauke masa, shi kuma wannan enzayim ɗin ba ya motsi sai da B12. Toh in B12 ya ƙare sai 'yan dako su taru tsaye kowa da kaya a ka ba mai komawa wajen ginin T, folet yana nan cike da jini amma ba amfani, sai mutum ya kamu da ƙarancin jini iri ɗaya sak da na wanda ba shi da folet. Na sha kallon irin wannan jinin a madubin ƙara girma, jajayen ƙwayoyin sun yi ɓul-ɓul kamar ƙwai maimakon zagayen da aka sani, farar ƙwayar jini kuma cibiyarta ta rarrabu gida shida maimakon uku ko huɗu. Dalilin girman shi ne ƙwayar tana ta tara nama tana jiran kwafin DNA ya kammala ta rabu, shi kuma ya ƙi kammaluwa, da yawansu ma a cikin ɓargo suke mutuwa ba su fito ba. Wasu majinyatan in sun buɗe baki za ka ga harshe ya yi ja sumul kamar an goge shi, yana musu zafi.

Da kuka ba shi folik asid mai yawa sai kuka kawo sababbin 'yan dako, ginin T ya ci gaba jini ya hau, kowa ya yi murna. Amma B12 yana da aikin da folet ba ya iya yi masa, shi ne kula da rigar da ke lulluɓe jijiyoyi da lakar baya, wannan ɓarnar ba ta tsaya ba, sai ma alamar da za ta sa a gano da wuri ta ɓace. Tafiya kan auduga, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, tangaɗi in duhu ya yi don ƙafa ba ta gaya wa ƙwaƙwalwa inda take, mantuwa, duk suna cikin jerin. In an kama da wuri yana warwarewa, in aka daɗe wani ɓangaren ba ya dawowa, shi ya sa nake matsa muku.

Me zai sa Baba ya rasa B12 alhali ƙila yana cin nama? Abin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai, maikirogiram 2.4 a rana, amma hanyar shigarsa jiki doguwa ce. Sai ruwan tsamin ciki ya raba shi da abinci, sai wani furotin da tumbi ke yi ya riƙe shi ya raka shi har can ƙarshen ƙaramin hanji, a nan ne kawai ake tsotse shi sosai. Tsufa yana rage ruwan tsamin, magungunan olsa irin su omefirazol in an daɗe ana sha su ma haka, metformin kuma an san yana rage tsotsewar a wajen masu shan sa shekara da shekaru. Akwai kuma waɗanda garkuwar jikinsu ce ke lalata wurin da ke yin furotin ɗin nan, wannan cutar a da kashewa take kai tsaye har sai da George Minot da William Murphy suka nuna a 1926 cewa cin hanta mai yawa kullum yana tayar da majinyatan, suka samu kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, shi bitamin ɗin kansa sai a 1948 aka ware shi. Hanta tana ajiye na shekara 3 zuwa 5, shi ya sa abin ke zuwa a hankali ba a lura, saɓanin folet da ajiyarsa 'yan watanni ce. Kuma tsirrai ba sa yin B12, ƙananan halittu ne ke yin sa mu samu ta nama da kifi da ƙwai da madara.

Kar ku tsayar masa da metformin da kanku fa, sugan zai tashi a shiga wata matsalar. Ku gaya wa likita duk abin da yake sha har da folik asid ɗin da tsawon lokacin. In awon B12 ya fito a tsaka-tsaki akwai wani gwajin na metilmalonik asid, yana hawa a ƙarancin B12 amma ba ya hawa a na folet. Maganin allura ce ko ƙwaya mai babban awo, kuma in har jijiyoyi sun taɓu yawanci da allura ake farawa.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne, muna yin darasin nukiliyotaid, haddacewa nake amma ba na ganewa. B9 da B12 na ji, sauran bitamin B ɗin ina ruwansu da wannan darasin? Kuma me ya sa fitsarina ke komawa rawaya shar in na sha B kompiles?

Amsa: Ɗalibi ka daina haddace kibiyoyin zanen littafi, ka riƙa tambayar kowane mataki daga ina kayan suka zo. Sukarin da ke jikin nukiliyotaid, wato raibos, daga gulukos ake sassaƙo shi ta hanyar fentos fosfet, kuma a cikin hanyar akwai enzayim tiransketoles da ke aiki da B1. Ka kiyaye, sunan B1 da sunan harafin T suna kama a kunne amma ba abin da ya haɗa su, ɗalibai da yawa nan suke faɗuwa a jarrabawa. Kabon ɗin da folet ke dako fa daga ina? Yawancinsa daga amino asid ɗin nan serin, kuma enzayim ɗin da ke ciro shi ya ɗora wa folet da B6 yake aiki. Bayan folet ya kai kaya wajen ginin T yana dawowa ne a gajiye, sai an farfaɗo da shi da wani sinadari mai taimaka wa enzayim da ake kira NADPH, haka ma mayar da harufan RNA, ɗan'uwan DNA, su zama na DNA yana cin NADPH, shi kuma daga B3 yake. Enzayim ɗin da ke ɗora wa folet kayan metil ɗin da na ambata a sama, MTHFR, da wani mataimakin mai suna FAD yake aiki, FAD kuma daga B2 yake.

Ga abin da ni ya fi burge ni, ka zana NAD da FAD da kowenzayim A a takarda ka ƙura musu ido, za ka ga harafin A zaune a jikin kowanne, wato B3 da B2 da B5 sai an manna musu nukiliyotaid kafin su iya aiki, su kuma nukiliyotaid ɗin ba sa ginuwa sai da bitamin. ATP ma da jiki ke kashewa kamar kuɗi a kowane motsi harafin A ne mai fosfet uku. Shi ya sa in mutane suka ce bitamin B na ba da ƙarfi nake ɗan gyara musu, shi ba mai ba ne, kayan aiki ne, wanda ya rasa zai ji canji in ya samu, wanda yake da isasshe ƙari ba ya ƙara masa komai.

Rawayan fitsari B2 ne, kalarsa kenan, rarar da jiki bai buƙata ba ce ƙoda ke zubarwa kuma ba illa. Amma kar wannan ya sa ka ɗauka duk B haka suke, B6 in aka daɗe ana shan mai yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, abin da rashinsa ma ke yi, shi ya sa masu shan isoniyazid na tarin fuka ake haɗa musu da shi a ɗan awo daidai.

Tambaya: Malam babban yatsan ƙafata ne ke kumbura cikin dare ya yi ja, ko mayafi ya taɓa shi sai na yi ihu. An ce yurik asid ne. Wani ya ce in sha bitamin B zai wanke shi.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, masu wannan ciwon sun san azabarsa. Bitamin B ba ya wanke shi, B3 mai babban awo ma ƙara yurik asid yake. Wannan ɗaya gefen labarin ne, na rushewa ba na gini ba. In ƙwayoyi suka mutu ana wargaza harufansu, C da T da U suna narkewa su fita salin alin, A da G kuwa jiki yana sake amfani da mafi yawansu, ragowar sai su ƙare a yurik asid. Yawancin dabbobi masu shayarwa suna da enzayim da ke ƙara narkar da shi, mu mutane ba mu da shi, toh in ya haura wajen miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini sai ya fara daskarewa ya zama ƙananan allurai a cikin gaɓa, garkuwar jiki ta far musu, kumburin kenan. A wajen mafi yawan mutane ƙoda ce ba ta fitar da shi sosai ba wai cin nama kaɗai ba, duk da cewa kayan ciki da giya da lemukan kwalba masu zaƙi da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ingiza shi. Alofurinol, maganin da ake ba masu wannan ciwon, yana tare enzayim ɗin da ke yin matakin ƙarshe na haɗa yurik asid, ya fito ne daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings waɗanda suka samu Nobel a 1988. Maganin kullum ne ba na ranar ciwo ba, kuma a farkon shan sa ciwon kan iya motsawa, kar ka yar da shi saboda haka, ka koma wajen likitanka a duba har da ƙodar.

Tambaya: Malam an ɗora yayata kan metotireksat saboda ciwon gaɓoɓi, kuma aka haɗa mata da folik asid. Na ji an ce maganin gaba yake da folik asid, toh ba za su kashe juna ba?

Amsa: Kin ji daidai, maganin yana tare enzayim ɗin da ke farfaɗo da folet ne bayan ya kai kaya. Danginsa aka fara gwadawa a kan sankarar jini, a 1948 Sidney Farber a Boston ya ba da rahoton yaran da cutarsu ta lafa na ɗan lokaci da aminofterin, don ƙwayar sankara ta fi kowa yunwar T. A ciwon gaɓoɓi ɗan ƙaramin awo ake bayarwa don kwantar da garkuwar jiki, folik asid ɗin kuma yana kare baki da hanji da hanta daga gyambo da tashin zuciya ba tare da ya kashe amfanin ba, ta sha shi a ranakun da aka tsara mata. Abu biyu nake roƙon ki ki tsaya mata a kai. Metotireksat yana illata ɗan tayi ƙwarai, in tana da niyyar ciki ko tana zargin ya shiga ta sanar da likita nan take. Sannan sau ɗaya a sati ake shan sa ba kullum ba, an rasa rayuka saboda wannan kuskuren, ku zaɓi rana guda ku rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, in kuma wani ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta Septrin ta ce masa tana kan metotireksat kafin ta haɗiya ko ɗaya.